Amsar Tambaya: Yaron da Ke Cewa “Inna Ya Tafi”

Wata uwa daga Cadakori ta tambaya ko akwai matsala, domin ɗanta mai shekara 3 yana cewa “Inna ya tafi”, wansa kuma yana rikita “kataba” (ya rubuta) da “katabat” (ta rubuta) na Larabci a makarantar Islamiyya.

Malama, hankalinki ya kwanta. Hausa tana ɗora lokaci da jinsi a kan ƴar kalmar da ke gaban aikatau: ya tafi, ta tafi, za ta tafi. Larabci kuwa cikin aikatau kansa yake saka su: yaktubu na namiji, taktubu na mace. Binciken Khawla Aljenaie a kan yaran Kuwait ya nuna suna kama wannan kafin su cika shekara 3, saboda kullum shi suke ji a gida. Babban yaron a aji kaɗai yake jin Larabci, dole ya ɗauki lokaci.

Kada a doke su ko a yi musu dariya. In ƙaramin ya ce “Inna ya tafi”, a amsa masa: “I, Inna ta tafi kasuwa.” Amma yaron da ya wuce shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi asibiti a duba kunnensa.