Shingen Aguwa: Yadda Za Mu Raya Shi Har Ya Ƙetare Hunturu

Darasinmu na wannan wata a kan shinge ne. A Markus sura 12, mutumin da ya dasa gonar inabi sai da ya kewaye ta da shinge tukuna, kafin ya ba da ita ga masu sufuri. Mu kuwa a nan Sakkwato, kowace kaka mukan sari ƙaya, mu tara kara, mu kewaye lambunan albasa da tumatir. Kafin rani ya ƙare gara ta cinye rabi, masu neman itacen girki sun zare sauran. Daga nan awaki su shiga, a yi ta kai ƙara wurin mai unguwa, zumunci ya ɓaci tsakaninmu da maƙwabta masu dabbobi.

Kakanninmu suna da maganin wannan, wato aguwa. Ba baƙon itace ba ne. Likita Dalziel ya sa sunanta cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa tun 1916. Ana samunta daga Senegal har Nijar da Cadi, a can ma ana dasa ta don tsayar da rairayin da iska ke turowa cikin gonaki. Tana ajiye ruwa a cikin jikinta, shi ya sa take jimre wa ƙasarmu, inda ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba ne kawai. Dabbobi kuma ba su cika cinta ba, saboda farin ruwan nan nata mai kama da nono.

To, in haka ne, me ya sa da yawa cikinmu suka dasa ta mutu?

Wata ƙungiya tamu ta dasa sanda wajen ɗari uku a watan Agusta, don sun ce ai lokacin ƙasa na da laima. Tunani ne mai kyau ga mangwaro ko dogon yaro, amma ga aguwa kuskure ne. Sandar da aka yanka yau, aka soka cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa yau, ruɓewa take yi daga gindi. Waɗanda suka tsira ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Lokacin dasa aguwa shi ne ƙarshen bazara, Afrilu zuwa Mayu, ƙasa na bushe ƙayau. A yanko rassa masu ƙwari, tsawon kamu biyu, kauri kamar ƙotar fartanya ko ƙasa da haka kaɗan. A jingine su a inuwa kamar mako guda har bakin yankan ya bushe. Sa'an nan a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya, a jera su kusa da juna, taƙi ɗaya tsakani, a take ƙasa da ƙafa sosai. Kada a ba su ruwa. Ruwan farko na damina ya ishe su.

A lura da wuri kuma. Aguwa 'yar jigawa ce, ba ta son laka. Waɗanda lambunsu ke cikin fadamar Rima, inda ruwa ke kwanciya, su tuna da ambaliyar 2010, su dasa ta a gefen tudu kawai, ko su ta da kunya mai tsawo su dasa a kai.

Yanzu sai babbar maganar, wato hunturu. Daga Nuwamba, da iska ta juyo daga gabas da ƙura, aguwa takan zubar da ganyenta duka. Sai ka ga sanduna tsirara, toka-toka, kamar busasshen itace. A nan ne muke kashe ta da hannunmu, kuma da kyakkyawar niyya. Mai lambu yana ban ruwa kowace safiya, ya dubi shingensa ya ji tausayi, ya karkato masa ruwa. Amma itacen barci yake yi, ba ya sha. Ruwan ya kwanta a gindi cikin sanyin dare na Disamba da Janairu, saiwa ta ruɓe, kafin Maris sandar ta yi laushi ta faɗi. Saboda haka hanyar ruwa da fangalin ƙarshe su yi nisan taku biyu daga shinge. Masu injin ban ruwa su fi kowa kula, gama ruwansu ya fi na jigo yawa nesa.

In kana shakka ko sanda na da rai, ɗan karce bawonta da bakin wuƙa. In farin ruwa ya fito, tana nan lafiya, ƙyale ta. In ba kome, ko ka ji ta luguf-luguf da wari, cire ta ka yar da nisa, don gara daga matacciya take farawa. A toshe gurbin da ƙaya har bazara. A shekarar farko ma dole a bar tsohon shingen ƙaya a bayanta, gama saiwarta ba ta yi ƙarfi ba tukuna, tunkiya guda in ta goga jiki sai ta ture ta. A share busasshiyar ciyawa daga gindinta tun da kaka, domin wutar daji ta hunturu takan dafa ta a tsaye. A kuma gaya wa yara da masu neman itace cewa ba matacciya ba ce. Ɗanya ce, ko an kai murhu hayaƙi kawai za ta yi.

Gargaɗi ɗaya game da ruwanta. Kada ya shiga ido. In ya shiga, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, a tafi asibiti, kada a ɗiga wani abu. Kada kuma a rikita ta da tinya, wadda ruwanta dafi ne mai ƙarfi ƙwarai.

Kafin taronmu na gaba, kowace ƙungiya ta auna kewayen lambunta da taku, ta kuma nemi mai tsohon shingen aguwa a ƙauyenta, ta roƙe shi tun yanzu ya bar mata rassa in ya tashi sassabe a watan Afrilu.