Rumbun Ko-ta-kwana a Zuciyar Kwamfuta

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Linux, tana da ɓangaren da ake kira zuciya, wanda ke raba wa ayyuka gurabe a ƙwaƙwalwar na'ura. Idan ƙwaƙwalwar ta cika maƙil, tilas zuciya ta kwashe wasu bayanai zuwa faifai don samun sarari. To amma kwashewar kanta tana bukatar ɗan gurbi. In babu shi, sai na'ura ta sandare.

A shekarar 2001 Ingo Molnar ya rubuta wa Linux maganin wannan. Akan keɓe 'yan gurabe tun kafin matsi, kamar yadda hanta ke ajiye sukari saboda lokacin yunwa. Mai kafa rumbun zai faɗi adadin guraben da za a tanada, da hanyar samo su, da ta mayar da su. Ba a taɓa rumbun sai an nema a babbar ma'ajiya an rasa. In shi ma ya ƙare, mai nema ya jira. Don haka bai dace ba sai da ayyukan da tabbas za su maido da abin da suka ara, kamar rubutu a faifai.