Idan Yaro Ya Ce Makarantar Wasan Kwaikwayo Yake So: Jagora Ga Iyaye Sabbin Zuwa Birtaniya

A yawancin gidajenmu da suka dawo Birtaniya da zama, an gama raba wa yara sana'a tun kafin jirgi ya sauka: wannan likita, wannan lauya, autan kuma injiniya. Sai yaro ya kai shekara 16 ko 17, ko yarinya, a wayi gari ya ce shi wasan kwaikwayo yake so ya karanta. Fargabar da iyaye ke ji a lokacin tana da tushe. Sana'ar ba ta da albashin wata, kuma akwai batun tarbiyya da abin da dangi za su ce a gida.

Sai dai mu tuna cewa wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun yi tashe cikin azumi muna yara, mun kalli Samanja da Ƙasimu Yero a talabijin, wasunmu sun karanta Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi a makaranta. Abin da ya bambanta a nan shi ne, karatun digiri ne na shekara uku, da ƙa'idojinsa da kuɗinsa da gasarsa mai zafi. Kuma yaron da ya cika 18 yana iya neman makaranta ba tare da sa hannun kowa ba. Wanda aka rufe wa ƙofar magana a gida, a ɓoye zai nema, shi kaɗai, ba mai duba masa takarda, ba mai tsawata masa. Don haka gara ku shiga maganar da ƙafarku, ku san hanyar, ko da a ƙarshe shawararku ta zama ya dakata.

Makarantun da bambancinsu

Karatun wasan kwaikwayo iri biyu ne. Akwai na jami'a, inda ake nazarin littattafan wasa da tarihinsa, ana rubuce-rubuce, ana taɓa wasan jefi-jefi. Akwai kuma na makarantun horo, inda ɗalibi ke yini tun safe har yamma, Litinin zuwa Juma'a, yana koyon sarrafa murya da numfashi da motsin jiki, da wasa a dandamali da gaban kyamara. Wannan na biyun shi yara ke nufi, kuma shi ake shiga ta hanyar gwaji.

Sunayen da za ku riƙa ji a bakin yaro: LAMDA, wadda aka kafa a 1861, Guildhall, 1880, RADA, 1904, da Royal Central, 1906. Duk a Landan suke. Akwai Mountview a unguwar Peckham da Rose Bruford a Sidcup. Wajen Landan akwai Royal Conservatoire of Scotland a Glasgow, Royal Welsh College a Cardiff, LIPA a Liverpool da Manchester School of Theatre. Manyansu suna cikin ƙungiyar da ake kira Federation of Drama Schools, kuma jerin sunayen da ke shafinta na intanet ma'auni ne mai kyau na raba makarantar gaske da ta 'yan neman kuɗi.

Ƙofar ƙarama ce ƙwarai. RADA tana ɗaukar wajen ɗalibai 28 a shekara a digirin wasa, daga cikin dubban masu nema. Duk da haka 'ya'yan 'yan Najeriya sun bi ta waɗannan ƙofofin. David Oyelowo, wanda ya yi wasu shekarun ƙuruciyarsa a Legas, ya gama LAMDA a 1998, ya kuma fito a matsayin Martin Luther King a fim ɗin Selma na 2014. Cynthia Erivo ta gama RADA a 2010. John Boyega kuwa ta Identity School of Acting ya biyo, makarantar da ba ta cikakken lokaci ba, wadda Femi Oguns ya kafa a 2003. Waɗannan su ne suka yi fice. Mafi yawan masu gama karatun suna haɗa wasa da wani aikin kafin su tsaya da ƙafarsu, kuma ya kamata yaro ya ji wannan daga bakinku tun yanzu.

Haka kuma ba kowa ne ke hawa dandamali ba. Makarantun suna koyar da tsara fitilu, sarrafa sauti, ɗinkin kayan wasa, gina dandamali da kula da tafiyar wasa a bayan labule. Su ana shigarsu ta hanyar ganawa da nuna ayyukan da yaro ya taɓa yi, kuma fanni ne da mutum ke fita da sana'ar hannu.

Takardun zama kafin komai

A nan sabbin zuwa suka fi shan mamaki. Kuɗin makaranta kashi biyu ne: na 'yan gida da na baƙi. A Ingila, na 'yan gida a shekarar karatu ta 2025/26 fam 9,535 ne, kuma akwai rancen gwamnati da ke biya. Na baƙi a manyan makarantun Landan ya haura fam 20,000 a shekara, ba rance, ban da haya da abinci.

Ƙa'idar da ta fi shafarmu ita ce, yaro ya kasance yana da izinin zama na dindindin, kuma ya yi shekara uku yana zaune a ƙasar kafin shekarar karatun ta fara. Ke nan iyalin da suka zo da bizar aiki, irin ta ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi, galibi a layin baƙi 'ya'yansu ke faɗawa har sai izinin dindindin ya fito, ko da yaron ya yi sakandare a nan. Masu matsayin gudun hijira da waɗanda suka daɗe ƙwarai a ƙasar suna da nasu tanadin, Sikotlan kuma tana da dokokinta da hukumarta mai suna SAAS. Ƙungiyar UKCISA tana wallafa bayanin waɗannan ƙa'idoji dalla-dalla. Ku karanta, ku kuma rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar ku nemi amsa a rubuce kafin ku biya ko sisi na gwaji. Idan shekara ɗaya ko biyu ta rage izinin ya fito, jira ya fi alheri, makarantun ma sun fi son wanda ya ɗan ga rayuwa.

Rancen yana da ruwa. Waɗanda suka fara karatu daga Agustan 2023 suna biyan kashi 9 cikin 100 na abin da suka samu sama da fam 25,000 a shekara, abin da ya saura bayan shekara 40 a yafe. Tun 2013 gwamnati ta yi alkawarin tsari marar ruwa domin Musulmi, amma har shekarar karatu ta 2025/26 bai fara aiki ba. Wannan magana ce da iyali za su zauna a kanta da malamin da suka amince da shi, tun da wuri. Akwai kuma tallafin gwamnati mai suna Dance and Drama Awards a wasu makarantu masu zaman kansu, wanda ake bayarwa gwargwadon samun iyali, sannan makarantun kansu suna da gurabun tallafi.

Yadda neman yake tafiya

Ana buɗe nema a farkon shekarar karatu, wajen Satumba ko Oktoba, a rufe tsakanin Disamba da Fabrairu, kowace makaranta da ranarta. Hanyar ma ba ɗaya ba ce: Royal Central ta UCAS, cibiyar neman gurbin jami'a, ake bi, ta Glasgow ta UCAS Conservatoires, RADA da Guildhall kuma kai tsaye. Ku sa yaro ya ja layi a takarda ya rubuta sunan makaranta, ranar rufewa, kuɗin gwaji da abin da ake so ya shirya, a manna a jikin firij inda kowa zai gani. Yawancin makarantu suna karɓar kuɗin gwaji, amma suna yafe wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi idan an nema. Ƙungiyar agaji ta Open Door ma tana taimaka wa matasa marasa hali da horo da kuɗin gwaji. Neman irin wannan taimako ba abin kunya ba ne, domin shi aka tanade shi.

Abin da aka saba nema shi ne jawabai biyu da aka haddace, kowanne kamar minti biyu: ɗaya daga wasan Shakespeare ko na zamaninsa, ɗaya daga wasan zamani. Wasu sukan ƙara gajeriyar waƙa ba kiɗa. Tun daga 2020, zagayen farko a makarantu da yawa bidiyo ne da yaro zai ɗauka a gida. Wanda ya tsallake sai a kira shi zagaye na biyu, wani lokaci har na uku ko na huɗu, inda zai yini da sauran masu nema ana atisaye, a sa shi ya maimaita jawabinsa ta wata fuska dabam don a ga ko yana karɓar gyara.

Aikinku a gida da ranar gwaji

Ranar ɗaukar bidiyo, falo ya zama nasa. A janye kujera daga jikin bango marar hoto, yaro ya fuskanci taga don haske ya sauka a fuskarsa, a jingina waya a kwance daidai tsayin idonsa. A kashe talabijin, a sauke tukunya, a fita da ƙanne na sa'a ɗaya. Zai ɗauka ya goge, ya sake ɗauka. Kada ku tsaya a bakin ƙofa kuna gyara masa, kuma kada a yi masa dariya idan an ji yana kuka ko tsawa da Turancin shekara 400 da suka wuce. Aikin ke nan.

Kada kuma ku matsa masa ya canza harshe. Masu gwajin sun fi so su ji muryarsa ta asali, ko da kalar Kano ko ta Damagaram a cikinta. Yaron da ke iya Hausa da Turanci, wani har da Faransanci ko Larabci, yana da jari. Taimakon da ya fi amfani shi ne ku riƙe takarda yana karanto muku hadda, ku tambaye shi wane ne yake magana, da wa yake yi, me yake so a wurinsa. Ku tabbatar ya karanta wasan gaba ɗaya, domin za a tambaye shi. Idan da hali ku kai shi ya ga wasa da idonsa. Gidan wasa na Globe da ke bakin kogin Thames yana sayar da tikitin tsayuwa mai araha.

Ranar gwaji, ku sayi tikitin jirgin ƙasa da wuri, katin matasa na 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya bisa uku. Ya sa tufafi masu sauƙin motsi, ya isa da sauran lokaci. Ku raka shi idan yana so, amma a bakin ƙofa za ku tsaya: iyaye ba sa shiga, kuma makaranta da shi za ta riƙa magana, ba da ku ba. Idan ya fito, ku fara ba shi abinci kafin tambaya.

Addini da mutunci

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, daidai lokacin kiran zagaye na biyu. Yaro yana iya rubutawa ya nemi a sa shi da safe. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini. A ranar da makaranta ke buɗe ƙofa ga masu sha'awa, ku je tare, ku yi tambaya a fili: akwai wurin salla? Yaya ake yi da Juma'a? Yarinya za ta iya darasin motsa jiki da ɗankwalinta da doguwar riga? Idan wasa ya ƙunshi taɓa jiki ko sumba ko tuɓe kaya, ɗalibi yana da ikon cewa a'a? Makarantu da yawa yanzu suna da rubutacciyar ƙa'ida a kan neman yardar ɗalibi kafin irin wannan. Ku nemi a nuna muku ita. Gaskiya ce horon yana da cuɗanya tsakanin maza da mata, kuma kowane gida ya san iyakarsa. Yaron da ya tattauna iyakarsa da iyayensa tun a gida ya fi iya tsayawa a kanta a gaban malami.

Ku kuma kiyayi masu cewa a biya su kuɗi su sa yaro a fim. Wakilin ɗan wasa na gaske kasonsa yake cira daga aikin da ya samo. Yaron da bai kai shekarun barin makaranta ba kuwa, sai da lasisin ƙaramar hukuma zai yi wasan kuɗi.

Idan ba a ɗauke shi ba

Wannan shi ya fi yawan faruwa a shekarar farko, kuma da yawa daga ɗaliban makarantun a karo na biyu ko na uku suka shiga. Ranar da saƙon ƙi ya zo, kada ya ji "ai dama na faɗa maka". Ku bar shi ya huce, bayan kwana biyu ku zauna. Shi ya sa tun farko ake so ya riƙe jarrabawarsa ta A-Level ko BTEC da kyau, ya kuma nemi jami'a ta UCAS a gefe, don ya sami zaɓi a hannu. Idan zai sake gwadawa, ya yi aiki ya tara kuɗi, ya shiga ƙungiyar wasan matasa ta garinku, ya nemi National Youth Theatre, wadda ke horar da matasa tun 1956. Kwas ɗin share fage na shekara ɗaya da wasu makarantu ke tayi yana da tsada, sau da yawa rance ba ya biyansa, kuma ba ya ba da tabbacin shiga digiri. Sai an gwada akan san na ƙwarai: wanda ya sha ƙi ya tashi ya sake hadda, da gaske yake, wanda ya ga ba hanyarsa ba ce, ya gane da kansa ba tare da ya riƙe ku a zuci ba.

Iyaye, ku duba takardun zama kafin komai, ku yi lissafin kuɗi a gaban yaron, ku faɗa masa iyakar gidanku ba ɓoye-ɓoye. Bayan haka ku riƙe masa takardar hadda, ku raka shi tasha, ku sa masa albarka. Allah Ya zaɓa wa 'ya'yanmu abin da ya fi alheri.