Turancin da ake aunawa da agogo

'Ya'yana, duk shekara da zarar an sallami masu bautar ƙasa, zance ɗaya ke tashi a majalisu: wane zai tafi Ingila digiri na biyu, wance ta ƙwallafa rai a kan Amurka ko Kanada. Ana lissafin kuɗin fasfo, ana bibiyar tallafin PTDF da Chevening da Commonwealth. Jarrabawar Turanci kuwa sai a tura ta can ƙarshe, wai ai da Turanci aka yi karatu tun daga firamare. Haka ne. Amma wanda ya yi shekara huɗu yana haddace abin da malami ya raba, ya mayar masa ranar jarrabawa, ba lalle an taɓa ce masa ga batu, ga minti 40, faɗi ra'ayinka ka kare shi ba. Masu jarrabawar kuwa abin da suke aunawa ke nan.

Kafin ku kashe ko sisi, ku karanta sharuɗɗan jami'ar da kuke nema. Da yawa daga jami'o'in Ingila suna karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC, wasu kuma sai jarrabawar IELTS, galibi maki 6.5 cikin 9. A Amurka akwai sassan da suka daina neman jarrabawar GRE. Sakamakon IELTS shekara biyu yake aiki, na GRE shekara biyar, don haka mai gaggawar rubutawa tun bai san lokacin tafiyarsa ba yana iya biya sau biyu.

Mu ɗauki ɓangaren karatu na IELTS. Dogayen rubuce-rubuce uku ne, tambaya 40, awa ɗaya. Akwai wata irin tambaya da ke kayar da masu ƙoƙari fiye da ragwaye. Za a ba ku jimla a ce ku faɗa: ta yi daidai da rubutun, ta saɓa masa, ko rubutun bai ambata ba? A ce rubutun ya faɗi cewa an gina madatsar ruwa don noman rani, jimlar kuma ta ce madatsar ta ƙara wa manoma kuɗin shiga. Ɗan Kura ko Kadawa ya san haka abin yake, sai hannunsa ya tafi kan "daidai ne". Ya faɗi, domin rubutun bai yi maganar kuɗi ba. Ba saninka na duniya ake tambaya ba, ɗana, abin da ke kan takarda ake tambaya. Wannan horo ba ya samuwa sai da yawan gwaji, kuma duk amsar da ka kuskure ka koma ka nemo layin da ya yaudare ka. Littattafan Cambridge na jarrabawar gwaji sun ishe ku wannan aiki.

Rubutu shi ne inda na fi jin tausayinku, don an daɗe ana cutar ku. Mun taso muna tafa wa mai Turanci mai kauri, wanda zai yi minti biyar yana zuba manyan kalmomi a tashi ba a san me ya ce ba. Mai duba takardarku ba ya tafi. Abu huɗu yake nema: an amsa abin da aka tambaya, magana tana bin juna, kalmomi sun zauna a mazauninsu, nahawu ya tsaya. Jimla gajera mai tsabta ta fi doguwa wadda ta karye a tsakiya. Haddace gabatarwar da ake yaɗawa a WhatsApp ma ɓata lokaci ne. Masu dubawa sun ga irinta har sun gaji, kuma ba sa ba ta maki.

Ku lura da rabon lokaci. Aiki biyu ne cikin awa ɗaya: bayanin jadawali ko zane da kalma 150 aƙalla, sai muƙala mai kalma 250 aƙalla. Makin muƙalar ninki biyu ne na na farko. Amma sau da yawa yaro zai zauna yana ƙawata bayanin jadawali har rabin lokaci ya wuce, sannan ya rubuta muƙalar a guje ba kammalawa. Minti 20 ya isa na farko.

Kuma rubutun da ba wanda ya duba bai cika gyara mai shi ba. Nemi wanda ya fi ka, ko tsohon malaminka na sakandare ne, ka miƙa masa da jan biro. Idan takardar ta dawo jajawur, kar ka ji haushi, kar kuma ka tsallaka sabon batu. Sake rubuta wannan ɗin. Ka ware ƙaramin littafi kana tara kurakuran da ke maimaita kansu; za ka tarar ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa, kamar harafin da ake mantawa a ƙarshen aikatau.

Sauraro sau ɗaya ake kunnawa, da muryoyin mutanen Ingila da Ostireliya da Amurka, kuma kuskuren harafi ɗaya a amsa yana cinye makin. Mu mutanen rediyo ne, alhamdu lillahi. Wanda ba ya fashin sashen Hausa na BBC da safe, ya ƙara rabin awa a na Turanci, yana rubuta sunaye da lambobin da ya ji.

Sai magana, minti 11 zuwa 14 gaba da gaba da mai jarrabawa. Nan tarbiyyarmu kan zame mana cikas, musamman ke 'yata. An koya mana idan babba ya yi tambaya a sunkuyar da kai a amsa a taƙaice, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin nan "e" da "a'a" ba su da maki. Za a ba ki kati, a ba ki minti ɗaya ki shirya, ki yi magana har minti biyu ba tsayawa. Gwada yau da wayarki: ɗauki muryarki kina bayanin kasuwar garinku, ki saurara. Za ki ji inda kike inda-inda, da inda "p" ke komawa "f". Ba a ce ki koma Baturiya ba. A gane abin da kike faɗa ba tare da wahala ba shi ne buƙata.

Masu GRE, tun Satumban 2023 an rage ta zuwa ƙasa da awa biyu, da muƙala ɗaya ta minti 30. Kalmominta sun fi tsauri, kuma a cikin jimla ake gwada su, don haka jerin kalmomi tsirara ba ya wadatarwa sai an haɗa da karanta dogayen sharhunan jaridu. Ko lissafinta ma, rabin wahalarsa gane tambayar ne. Ba a rage maki don an kuskure, kar ku bar gurbi.

Yaushe za a fara? Wata uku kafin rana ba ta yi wuri ba. Awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi. Kowane gardi ya san abin da ke samun hadda idan aka yi mako ba tilawa. Masu cewa za su gyara muku sakamako a ba su kuɗi, ku yi nesa da su: jami'o'i suna tantance sakamakon kai tsaye ta intanet, kuma wanda aka kama da na jabu ya jawo wa kansa matsala har wajen biza.

Kafin ranar, ku yi cikakken gwaji ko sau biyu ne, waya a kashe, agogo a gaba, domin a IELTS sauraro da karatu da rubutu a jere ake yin su, kimanin awa biyu da rabi ba hutu. Wanda zai rubuta a kwamfuta ya yi gwajinsa a kwamfuta, ba a waya ba, kuma ya kashe abin nan da ke gyara masa haruffa, don ranar jarrabawa babu shi.