Kula da Ɗinkin Tiyata Don Kada Tabo Ya Yi Muni

Jama'a, ku sani duk inda wuƙar likita ta bi sai ta bar tabo. Amma ko tabon ya kwanta siriri, ko ya tashi ya yi tudu, yana da nasaba da irin kulawar da aka ba shi a gida.

Ƙazanta ce babbar abokiyar gaba. Miki in ya tara mugunya yakan daɗe bai haɗe ba, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon munin tabonsa. Saboda haka a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa bandeji. Kada a barbaɗa toka ko garin kafso, balle man birki da wasu ke zubawa wai don ya bushe da wuri. A koma asibiti ranar da aka sa don cire zare: na fuska kwana 5 zuwa 7, na ciki wajen kwana 10, na gwiwa kuwa har mako 2.

To, ga inda aka fi yin kuskure. Fata takan rufe da wuri, sai mutum ya ɗauka ya warke, alhali naman ciki ɗanye ne. Ko bayan an warke sarai, wurin ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na da. Mai jegon da aka yi wa aiki aka ciro jariri kada ta yi daka, ko jan guga, ko ɗaukar abin da ya fi jaririnta nauyi har mako 6. Iyayenmu mata kuma, don Allah a yi hattara da wankan jego: fyaɗa ganye da tafasasshen ruwa a kan ɗinki ba gata ba ne.

In wurin ya soma ƙaiƙayi kada a sosa, kada a ɓamɓare ɓawonsa. Bayan ya rufe, a riƙa murza shi a hankali da man kaɗanya, a kuma kare shi daga rana, don tana sa shi ya yi baƙi ƙirin. A ci wake, ƙwai, kifi da lemo. Mai shan taba ya dakata, mai ciwon sukari ya kiyaye maganinsa.

Tabo yakan ɗauki shekara guda zuwa wata 18 kafin ya dushe, sai a yi haƙuri. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tsiro, musamman a ƙirji, kafaɗa da kunne, don haka wanda ya san jikinsa na yin haka ya gaya wa likita tun kafin aiki. Wanda kuma ya ga ɗinkinsa ya kumbura, yana wari, ko zazzaɓi ya rufe shi, ya tafi asibiti a ranar, kada ya bari sai gobe.