Shinge Mai Rai: Darasi Ga Masu Aikin Gayya Daga Birnin Kebbi Zuwa Matan Fada

Duk shekara idan damina ta kankama, ƙungiyoyin ɗalibai kan fito da riguna iri ɗaya, a shuka itatuwa, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook. Zuwa watan Maris, in ka koma wurin, ramuka za ka tarar da busassun tsinkaye, abin da rana ta rage awaki sun ƙarasa. Niyyar mai kyau ce, ba a ja. Abin da ke ƙaranci shi ne sanin aikin. Wannan darasi a kan nau'i guda ne na shuka, wato shinge mai rai, wanda ake dasawa a kan iyakar fili don ya tsare shi: filin wasa ne, lambun makaranta ne, maƙabarta ce, ko wurin taruwar jama'a a bakin gulbi.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san burtali, hanyar shanu da ake yi wa layin aguwa dama da hagu don kada dabbobi su faɗa gona. Darnin kara sai an sabunta shi kusan kowace shekara, gara ta ci, iska ta kayar. Waya tana tsatsa, wani lokaci ma a wayi gari an kwashe ta. Katangar bulo kuwa, ku tambayi kuɗin buhun siminti yau. Shinge mai rai shi kaɗai ne yake ƙara ƙarfi yayin da yake tsufa.

Tambayar farko ba "wane ice za mu shuka?" ba ce. Tambayar ita ce: filin nan tudu ne ko fadama? A yankinmu wannan shi ne komai. Birnin Kebbi tana kan tudu, fadamar Gulbin Rima na shimfiɗe a ƙarƙashinta. Haka abin yake a Argungu, inda gari ke sama, Matan Fada kuma ke cikin kwari. A Matan Fada ne ake bikin kamun kifi da aka faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. A nan ake tseren kwalekwale da ninkaya da kamun agwagwar ruwa. Wurin da dubban mutane ke tattakewa da rani, shi ne ruwa ke iya rufewa a ƙarshen damina. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ba ya buƙatar dogon bayani. Icen da zai yi kyau a harabar makaranta yana iya ruɓewa cikin sati biyu a irin wannan wuri.

A tudu, aguwa ce sarauniya. Dabbobi ba su damu da ita ba, ba ta neman ban-ruwa, kuma ba a biyan ko kwabo, reshe ake sarowa. Amma ga inda masu gayya ke yawan faɗuwa: ba a dasa aguwa a tsakiyar damina. Ana saro reshe mai tsawon kamu ɗaya zuwa biyu, a ajiye shi a inuwa kwanaki kaɗan har bakin saran ya bushe, sannan a kafa shi a ƙasa da bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. In ka soka ɗanyen reshe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa a Agusta, ruɓewa zai yi. A kula da farin ruwanta mai kama da nono, kada ya shiga ido. Bini-da-zugu da dashi su ma da reshe ake dasa su. Sai dai 'ya'yan bini-da-zugu guba ne, kuma yara kan ɗauka abin ci ne, don haka ni ban ga dalilin kai shi kusa da firamare ko makarantar allo ba. Magarya tana ba da ƙaya da 'ya'ya. Lalle yana yin shinge mai kauri in ana aske shi, ga ganyen sayarwa. Zogale kuwa, kowa na son sa, har da akuya; shi kansa sai an yi masa shinge.

A fadama lissafin ya sauya. Aguwa ba ta jure kwanciyar ruwa. Bagaruwa tana jurewa, ga ƙaya, ga 'ya'yanta da majema ke saye. Giyayya ma 'yar bakin ruwa ce. A gaɓar da ruwa ke zaizayewa, layin ciyawar jema ya fi kowane ice saurin riƙe ƙasa, saboda saiwarta tana nitsewa sosai. Lokacin dashe ma daban ne: ƙaramin tsiro da ruwa ya shanye kansa na makonni ba zai tashi ba, shi ya sa a wurin da ambaliya ke kaiwa gara a jira ruwa ya janye, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa na da danshi, gulbi kuma na kusa don ban-ruwa. Irin bagaruwa yana da taurin ɓawo. A zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana kafin a shuka a leda, a yi renonsa kamar wata uku.

Wani zai ce, ina dogon yaro? Dogon yaro ice ne na inuwa da kare iska. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona, kuma ya yi aikinsa. Amma idan ya girma gindinsa fayau yake, saniya ma sai ta ratsa. Ba shinge ba ne.

Yanzu lissafi, tunda 'yan kwalejin fasaha ne mu. A ce iyakar mita 200 ce. Layi biyu ake so, tsakanin tsiro da tsiro rabin mita, a jera su a karkace yadda na layin baya zai toshe giɓin na gaba. Kowane layi 400 ke nan, biyu 800. A ƙara kashi 20 cikin 100 na maye gurbin waɗanda za su mutu, 960. Mutum 30, kowa ya dasa 27, an gama 800 kafin azahar in an haƙa ramuka tun jiya. Aguwa ta fi son a matse ta, don haka adadinta zai haura wannan.

Kafin a ɗaga sungumi, akwai abin da ya fi lissafi nauyi. A ƙasar Hausa, dasa ice a wuri kamar cewa ne "nan nawa ne". Shingen da aka dasa ba da sanin maƙwabci ba, tsokanar faɗa ce. A kira mai unguwa da masu filayen da ke jingine, a zaga iyakar tare, a kafa turaku kowa na gani. 'Yan'uwanmu masu karatun safiyo, ga inda za ku gwada abin da aka koya muku. Sannan a ja shingen kamar rabin mita zuwa cikin filin, don reshe da saiwa kada su tsallaka. A bakin gulbi kuma sai an nemi shawarar Sarkin Ruwa da masunta, an san inda suke jawo jirage, an san mashayar dabbobi. Kada a toshe hanyar da mutane suka saba bi zuwa ruwa. In an toshe, za su buɗe da kansu, kuma ba za su zaɓi inda kuke so ba. A bar ƙofa tun farko.

Saura renon, wanda shi ne ainihin aikin, kuma babu mai ɗaukar hotonsa. Rani biyu na farko su ke yanke hukunci. Sabon shinge yana buƙatar nasa shingen na ƙaya ko kara har ya fi ƙarfin bakin akuya. A share ciyawa a gefensa kafin hunturu, saboda wutar daji. Idan bagaruwa ko magarya ta kai ƙugu, a datse kanta daidai gwiwa. Da ciwo a zuciya, na sani, amma haka ne take fitar da rassa daga ƙasa ta yi kauri. In an bar ta, za ta miƙe kamar sanda.

Matsalarmu mu ɗalibai ita ce kalanda. A yi hutu, a tafi SIWES, 'yan ND II su kammala su bar gari, shugabannin ƙungiya su sauya. Saboda haka tun ranar dashe a raba shingen gida-gida, kowane aji ko sashe mita 20, a rubuta suna a littafi, a miƙa littafin tare da takardun mulki ga shugabanni masu zuwa. A kuma samu mutum ɗaya mazaunin wurin, mai gadi ko mai lambun da ke kusa, a yi yarjejeniya da shi: ya riƙa ban-ruwa lokacin hutu, ganyen lallen da 'ya'yan bagaruwar su zama nasa.