Yaya Zan Yi wa Konsatinar 'Yata Shaida?

Tambaya: Muna zaune a garin Ennis na ƙasar Ailan. 'Yata mai shekara 11 ta shiga ajin koyon konsatina, wato ɗan kayan kiɗan nan mai kusurwa shida da ake matsawa da hannu biyu. Yara da yawa a ajin iri ɗaya aka saya musu, baƙa a cikin baƙin akwati. Kwanan baya ta dawo gida da ta wata yarinya, sai washegari muka gane. Baban 'yata ya ce a ɗauki ƙusa a zana sunanta a jiki a huta. Ni kuma ina tsoron a lalata abu mai tsada. Ina mafita?
Daga wata uwa a Ennis.

Amsa: Ki ba Alhaji haƙuri, ya mayar da ƙusarsa inda ya ɗauko. Tsoronki yana kan hanya.

Kafin komai, a garin da kike wannan rikici ba baƙo ba ne. Yankin Clare, inda Ennis take, shi ne cibiyar konsatina a Ailan. A nan aka yi makaɗiyar konsatina Elizabeth Crotty ta garin Kilrush, daga nan kuma makaɗi Noel Hill ya fito. Tun 1973 ake taron makarantar kiɗa ta bazara ta Willie Clancy a Miltown Malbay, inda ɗalibai ke cika ajujuwa, kowa da akwatinsa a gindin kujera. Irin da ake kaɗawa a can ita ce Anglo mai maɓalli 30, kuma ta 'yan koyo yawanci daga masana'anta kaɗan take fitowa, launi ɗaya, girma ɗaya. Abin ya zama kamar silifa a ƙofar masallaci ran Juma'a: wanda ya tafi da naka ba ɓarawo ba ne, sauri yake.

Shaida iri biyu kike bukata, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda za ta hana a yi kuskure tun farko, dole a gan ta daga nesa. Akwai kuma wadda za ta raba gardama idan an riga an yi kuskuren, ko an yi sata, ita kuma gara ta kasance a ɓoye. Shawarar Alhaji ta so ta haɗa biyun a wuri ɗaya, a kan fuskar kayan, nan ne kuma wurin da ya fi kowane ɓarna.

Fara da akwati, domin shi yaro yake sura idan an tashi, ba ya buɗewa. Ki ɗaura wa hannun akwatin ƙyalle mai ɗaukar ido, guntun atamfa ma ya wadatar, kuma da wuya ki sami irinsa a wannan ajin. Ki liƙa sitika babba a kan murfi da kuma gefe, don akan jingine akwatuna ta kowace fuska. A ciki ki manna kati mai ɗauke da sunan iyali da lambar wayarki. Kada ki rubuta sunan yarinyar da adireshin gida a waje inda kowane mai wucewa zai karanta. Masu saka na'urar bin sawu ta AirTag ko makamanciyarta a aljihun akwati ba su yi laifi ba, sai dai inda akwatin yake kawai za ta faɗa miki, ba ta san abin da ke cikinsa ba.

Wannan ya kawo mu ga kayan kansa, tunda yara kan ajiye su a tebur lokacin hutu, a dawo kowa ya ɗauki wadda ta fi kusa ya saka a akwatinsa. Wurin da na fi so a yi shaida shi ne maɗaurin fatar da ake zura hannu ciki. Dalili kuwa, shi ɓangare ne da dama can aka yi shi don a cire a sauya, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Za ki iya rubuta harufan farko na sunanta a cikinsa da alƙalamin da ba ya gogewa. Za ki iya sayen wani maɗaurin ja ko kore a madadin baƙin. Idan kun zo gida hutu, ki ciro tsohon ki kai wa baduku ya yanka irinsa daidai faɗi da kauri, ya buga masa ado. Ki adana na asalin a gida saboda ranar sayarwa. Ƙaramin zare mai launi da aka ɗaure a jikin maɗaurin ma ya isa, muddin gajere ne. Dogon tuntu zai riƙa shiga tsakanin ninkin zugazugin yana cin fata, ko ya faɗa ramukan adon da sauti ke fita.

Zugazugin nan, wato tsakiyar da ke buɗewa tana rufewa, kada a kusance shi da komai. Kwali ne da siririyar fata da gam. Fenti ko jan farce yana busar da fatar ta tsage, sitika kuma ranar da aka zo ɓare ta sai ta taho da takardar ado. Da zarar iska ta sami hanyar fita, yarinya za ta yi ta matsawa sautin yana shaƙewa, sabon zugazugi kuwa na cikin gyare-gyare mafi tsada. Fuskokin biyu su ma haka. Na katako an lalaye su da man ƙyalli da sinadarin cire jan farce ke narkarwa, kuma an huda su da zane mai laushi da kan tsage idan aka danna da ƙarfi. A Ailan za ki ji ana tallar buga lambar gida ta Eircode a jikin kaya da inji don maganin ɓarayi. Dabara ce mai kyau ga keke da injin yankan ciyawa. Kada ki kai konsatina wurin.

Akwai kuma maganar kuɗi. Yaron da ya dage da wannan kiɗa ba ya daɗewa a kan ta 'yan koyo, bayan 'yan shekaru za a nemi wadda ta fi ta saurin amsawa, kuma da kuɗin tsohuwar ake cika na sabuwar. Wa zai biya farashi mai kyau a kan kayan da aka ƙwarzane da sunan 'yar wani? Idan ma haya kuka karɓa daga makaranta ko reshen ƙungiyar kiɗa ta Comhaltas, to ƙyalle da kati kawai ke halatta gare ki.

Yanzu sai ɓoyayyiyar shaida. Duba ko tana da lambar da maƙerin ya buga. A tsofaffin konsatinun kamfanonin Wheatstone da Lachenal na Landan akan ga lambar ta wata 'yar taga a fuskar hagu, sunan kamfani a ta dama, sannan an sake buga ta a katakon ciki. Lambar nan ba abin wasa ba ce. Charles Wheatstone, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1829 da 1844, kamfaninsa ya riƙa rubuta lambobin a littattafan ciniki, kuma littattafan suna gidan tarihi na Horniman a Landan, an ɗora hotunansu a intanet. Mutum kan duba ya ga shekarar da aka sayar da tasa, wani lokaci har da sunan wanda ya fara saya a ƙarni na 19. Su kuwa na kamfanin Jeffries, waɗanda makaɗan Ailan ke rububi, yawancinsu ba su da lamba ko kaɗan, sai a gane su ta tabo da gyaran da aka taɓa yi musu. Wannan darasi ne gare ki: ɗauki hoton lambar in akwai, hoton fuskokin biyu, da na kowane ɗan ƙwarzane da ta riga ta samu. Haɗa da rasit ki tura wa kanki ta imel, don ranar ta zauna a rubuce. Kamfanin inshora da 'yan sanda abin da za su fara nema ke nan.

Rubutu a ciki kuma tsohuwar al'ada ce. Masu gyara kan buɗe tsohuwar konsatina su tarar da suna da shekara da wani ya rubuta da fensir a jikin katako tun kafin a haifi kakanninsu. Fensir ya fi tawada domin ba ya jiƙa katako, ba ya yaɗuwa, wanda ya saya daga baya kuma yana iya gogewa. Amma ba na so ki buɗe da kanki a karon farko. Kowace fuska noti shida ne ke riƙe da ita, a masu araha sau da yawa cikin katako kai tsaye suke shiga, kuma ɗaurewa da ƙarfi ko musanya musu rami yana kashe wurin. Idan sabuwa ce, tambayi wanda ya sayar miki ko buɗewa zai soke garanti. Hanya mafi sauƙi ita ce ki jira ranar da za a kai ta wurin mai gyara, ki roƙe shi ya rubuta sunan iyali da lambar waya a katakon da ke riƙe da zugazugi ta ciki, nesa da siraran ƙarafan da ke ba da sauti da 'yan fatun da ke rufe su. Kada a manna takarda a ciki. Gam kan saki, takardar ta yi yawo ta toshe wata murya.

Ki kuma koya wa yarinyar abu ɗaya: kafin ta rufe akwati ta zura hannu ta taɓa 'yan maɓallai. Maɗaurin kowa an daidaita shi da hannunsa, za ta ji bambanci nan take. Ko a cikin masu maɓalli 30 ma jerin ba ɗaya ba ne, akwai tsarin Wheatstone akwai na Jeffries, kuma sun saɓa a layin waje na hannun dama. Ki tambayi malamarta wanne ne nata, ki ƙara shi a katin cikin akwati. Ki kuma ba malamar shawara ta ajiye takarda ɗaya mai sunan kowane ɗalibi da lambar konsatinarsa da launin ƙyallen da ya ɗaura, don kada yara uku su zo da ja a mako ɗaya.